Kiwon shanu da sauyin tsirrai a makiyayar Sahel

Sauyin tsirrai shi ne yadda wasu ciyayi da itatuwa ke maye gurbin wasu a fili guda, shekara bayan shekara. A makiyayar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ruwan sama da wutar daji da bakin dabba ne ke juya wannan al'amari.

Gonar da aka bar ta ta huta, ciyayi masu damina ɗaya ne ke fara rufe ta, irin su ƙarangiya da kyasuwa da komayya. In ruwa ya wadata kuma ba a matsa wa filin ba, sai gamba ta kafu. Saiwarta ba ta mutuwa da rani, shi ya sa takan riga sauran tohuwa da ruwan farko.

Saniya ba ta cin ciyawa barkatai. Takan naɗe mai daɗi da harshe ta fizge, ta tsallake mai ɗaci. Idan garke ya dinga komawa kan gamba a farkon damina, kafin ta tara abinci a saiwa, gindinta yakan raunana har ya mutu. Ciyayi masu damina ɗaya su karɓe wurin. In matsin ya ci gaba, su ma ba sa kai ga zubar da iri, sai tafasa da garmani da tumfafiya, waɗanda shanu ba su damu da su ba, su mamaye. Ana ganin haka ƙarara a burtali da bakin mashaya, inda kofato ya daddaɓe ƙasa. Ƙarancin ciyawa kuma yana rage zafin wutar daji, don haka ƙayoyi irin su ɗunɗu kan samu sarari.

Ba daidai ba ne a ɗora wa shanu laifin duka. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe gamba a wurare da yawa na Sahel, noma kuma ya cinye makiyaya ya cunkushe dabbobi a ɗan abin da ya rage. Kiwon rani bai cika ɓarna ba, tunda iri ya riga ya zuba, kofato ma yana taimakawa wajen binne shi. Kashin shanu taki ne, kuma a cikinsa 'ya'yan gawo da bagaruwa ke yaɗuwa. Makiyayin da ke tashi da garkensa da damina yana ba filin da ya bari damar yin iri, abin da garken da aka tsare a wuri ɗaya ba ya yi.