Waiwaye: yadda aka yi ƙorafi guda yake iya rufe shagon mutum a intanet

Muhawarar nan tsakanin masu alamun kasuwanci, wato suna ko tambarin da kamfani yake sa wa kayansa, da masu sayar da kaya a kasuwannin intanet ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kowa da kukansa. Mai alama yana cewa jabu ya cinye masa kasuwa, kuma gaskiyarsa ne, shi kuma mai sayarwa yana cewa ya kwanta shagonsa lafiya lau ya tashi ya tarar da imel wai an sauke kayansa saboda wani ya yi ƙorafi, wani lokacin har kuɗin cinikinsa an riƙe, ga kaya jibge a sito ga bashin masu kawo kaya, kuma bai ma san wa zai tunkara ba. Mutane suna magana kamar bara abin ya faro. Ai an daɗe ana gina shi.

Farkon labarin sananne ne. Kasuwar intanet ta eBay ta buɗe a 1995, Amazon ta ba 'yan kasuwa na waje damar sa kayansu a shafinta a 2000. A 1998 Amurka ta yi dokar DMCA wadda ta ce shafin intanet ba zai ɗauki laifin abin da wani ya ɗora ba muddin ya sauke shi da zarar an sanar da shi, Tarayyar Turai ma ta yi irin tata a 2000. Abu ɗaya kawai nake so a riƙe daga nan: DMCA ta ba wanda aka sauke wa abu hanyar mayar da martani, in ya rubuta cewa kuskure ne kuma mai ƙorafin bai kai ƙara kotu ba, ana mayar da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14. Amma fa wannan na haƙƙin mallaka ne kaɗai, wato hoto, rubutu, zane, waƙa. Alamar kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira, wato haƙƙin wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura ko fasaha, ba sa ciki.

To wurin da ni nake ganin hanya ta karkata, wanda ba a cika ambata ba, shi ne shari'ar Tiffany da eBay. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya shigar da ƙara a 2004, ya ce ya aika an sayo kayan da ke ɗauke da sunansa a kasuwar don gwaji, ya tarar kusan kashi 73 cikin 100 jabu ne, da aka sake gwajin a 2005 ma ya haura kashi 75. Hujjarsa ita ce tunda kasuwar ta san akwai jabu da yawa haka to alhakin tsaftacewa a kanta yake. Kotun farko ta yanke hukunci a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawansa a 2010, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun. Abin da aka ce shi ne sanin gaba ɗaya cewa akwai jabu bai isa ya sa kasuwa ta ɗauki laifi ba, sai in an nuna mata takamaiman kaya an ce wannan jabu ne ta ƙi saukewa. Kuma kotun ta duba yadda kasuwar take sauke kaya cikin awa 24 da samun sanarwa, ta ɗauke shi a matsayin shaidar cewa ba ta kau da kai ba.

Hukuncin a kan tambayar da aka yi wa kotu ba shi da aibu, don da an ce kasuwa ta tantance kowane kaya kafin a sa shi da ƙananan 'yan kasuwa ba su samu shiga ba sam. Amma ku duba waɗanda suke tsaye gaban alƙali, mai alama ne da mai kasuwa. Mai sayarwa, wanda a kansa za a aiwatar da komai, ba ya cikin shari'ar, ba wanda ya tambayi me zai faru in ƙorafin ƙarya ne ko kuskure. Daga ranar lissafin kowace kasuwa ya fito fili, in ka bar kayan da aka yi ƙorafi a kai kana iya shiga uku, in ka sauke kayan mai gaskiya kuwa ba abin da zai same ka, don sharuɗɗan da mai sayarwa ya danna ya amince da su ranar buɗe shago sun riga sun ba ka dama. Ko waye aka ɗora a wannan kujera saukewa zai yi. Kuma tunda dokar alamar kasuwanci ba ta da waccan hanyar martani ta kwana 10 zuwa 14, sai ya zama sau da yawa amsar da mai sayarwa yake samu ita ce je ka nemi wanda ya yi ƙorafin ya janye. Wato wanda ya zarge ka shi ne kuma mai riƙe da makullin shagonka. A Turai shari'ar kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal da eBay ta 2011 ta ɗan ƙara wa kasuwanni nauyi, wanda hakan ƙara musu dalilin saurin saukewa ya yi.

Duk abin da ya biyo baya a kan wannan giɓin ya hau. Manyan kasuwanni suka buɗe rajistar masu alama, Amazon ta sabunta tata a 2017, abin ya taimaki masu gaskiya sosai wajen korar jabu, amma da takardar rajista ta zama makami sai wasu suka fara yin rajistar sunaye ba don sun ƙirƙiri komai ba sai don su kori abokan gasa daga kan kaya. Masu sake sayar da kaya na asali ma abin ya shafe su, alhali ƙa'idar shari'a a Amurka ita ce in ka sayi abu na halak kana da damar sayar da shi, kotun ƙoli ta jaddada haka kan littattafai a 2013 da kuma kan kayan da ke da haƙƙin ƙirƙira a 2017. Sai dai mutumin da ya sayo kaya a shago rasit ɗin kanti kawai yake da shi, shi kuwa mai duba ƙorafi takardar dillalin kamfani yake nema, nan maganar take tsayawa.

Sai kuma irin ƙarar nan da ake kira jadawalin A, wadda ta yawaita a kotunan tarayya na Amurka. Ana haɗa masu sayarwa da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, a ƙara ɗaya, sunayensu a rufe, a samo umarnin wucin gadi na riƙe kuɗinsu kafin su san an kai su, sammaci kuma ta imel. Doka ta yarda diyyar jabu da gangan ta kai dala miliyan 2 kan kowace alama, to wanda ya sayar da guda biyar ya ga wannan adadi ga kuɗinsa a daskare ga tsadar lauya, sasantawa zai yi ko yana da gaskiya. Akwai 'yan jabu na gaske a cikin jerin, ba na musu, amma haɗa su da mai kuskure ko mai gaskiya a kwando ɗaya shi ne abin da yake damuna.

An fara ɗinke giɓin nan da can. Dokar cinikin intanet ta China da ta fara aiki a 2019 ta ba mai sayarwa damar martani, mai ƙorafi yana da kwana 15 ya ɗauki mataki ko a mayar da kayan, in kuma da mugun nufi ya yi ƙorafin ƙarya diyya ninki biyu ce. Dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai da ta hau kan kowa a 2024 ta wajabta a faɗa wa mutum dalilin saukewa a kuma ba shi hanyar ɗaukaka ƙorafi. A Amurka dokar INFORM da ta fara aiki a 2023 tantance masu sayarwa ta sa a gaba, duk wanda ya yi ciniki 200 da ya kai dala 5,000 a shekara sai ya ba da bayanansa, amma ba ta taɓa maganar ƙorafin ƙarya ba. Ƙudurin SHOP SAFE da aka gabatar a 2020 aka sake kawowa a 2021 da 2023 ya nemi ƙara wa kasuwanni alhakin jabu ne, kuma abin da masu sayarwa suke tambaya a kansa shi ne ko za a rubuta musu wa'adin mayar da kaya a cikin doka kamar yadda aka yi wa masu hoto da rubutu tun 1998.