Kifayen ado na akwatin gilashi marar hita

Akwatin kifi marar hita shi ne akwatin gilashin da ake kiwon kifayen ado a cikin gida ba tare da na'urar ɗumama ruwa ba. Zafin ruwansa yana bin zafin ɗakin da aka ajiye shi. Jikin kifi kuma ba ya riƙe ɗumin kansa, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Saboda haka zaɓen kifi daga ɗaki yake farawa, kafin a taka ƙafa zuwa shago.

A ƙasashen Turai, idan aka ce akwati ba shi da hita ana nufin ruwa mai sanyi, kamar digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin salshiyos. A Saudiyya lamarin ya sha bamban. A Jidda da Makka, inda Hausawa suke da yawa, zafi ne abin tsoro: ko a watan Janairu daren Jidda yakan tsaya kusa da digiri 20, Makka kuwa da bazara rana takan haura 40. Riyad ta fi sanyi da hunturu, darenta yakan sauko ƙasa da digiri 10, haka ma Tabuka da garuruwan kan duwatsu irin su Abha da Ɗa'if. Sai kuma mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Falon da ake kunna masa mukayyif da dare a kashe da rana yakan sa ruwan ƙaramin akwati ya yi ta hawa da sauka, kuma wannan jujjuyawar ta fi galabaita kifi a kan zafin da ya tsaya wuri ɗaya. Babban akwati ya fi jinkirin sauyawa, shi ya sa mai lita 60 zuwa sama ya fi sauƙin riƙo ga sabon shiga.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. A digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi ne, ga shi a lokacin ne jikin kifi yake ƙara buƙatarta. Idan aka ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, yawanci abin da ke damunsu ke nan. Hanya mafi inganci ta sanin zafin ruwan kafin a sayi kifi ita ce a cika akwatin, a sa ma'aunin zafi, a riƙa dubawa da asuba da kuma bayan azahar na tsawon mako guda.

Kifin zinare yana cikin waɗanda aka fi saye, yana kuma cikin waɗanda aka fi cutarwa. A ƙasar Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya fi jin daɗin ruwan da ke tsakanin digiri 18 da 23. Ɗan ƙaramin da ake ƙullo wa yaro a leda yana iya kai santimita 20 ko fiye, yana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15, kuma yana yawan kashi. Ɗan kwanon gilashi mai siffar ƙwallo, babu matatar ruwa babu famfon iska, ba wurin zamansa ba ne. Wanda ba zai iya tanadar masa babban akwati da matata mai ƙarfi a ɗaki mai sanyi ba, gara ya haƙura da shi.

Kifin zebra, mai zane-zanen shuɗi a tsawon jiki, asalinsa Indiya da Bangladash da Nepal ne. Bai wuce santimita 5 ba, yana jure digiri 18 zuwa 26, kuma ba ya tsirfa wajen abinci. Ga gidan da mukayyif yake aiki kusan kullum, da wuya a sami wanda ya fi shi. A garke yake rayuwa, don haka shida zuwa sama ake saye. Ɗan'uwansa a ƙanƙanta, kifin Dutsen Farin Gajimare da aka gano kusa da birnin Guangzhou a 1932, ya fi son digiri 14 zuwa 22. Ya dace da Abha da Ɗa'if, bazarar Jidda kuwa wahalar da shi take yi.

Medaka, kifin gonakin shinkafa na Japan, ya fi su juriya, yana ɗaukar sanyi mai tsanani da zafin da ya haura digiri 30. Shi ne aka kai sararin samaniya a 1994 har ya hayayyafa a can. Kifin aljanna, wanda aka kai Faransa a 1869, yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska da ita daga saman ruwa, don haka ƙarancin iska bai cika damunsa ba, sai dai namijin mafaɗaci ne, ba a haɗa maza biyu.

A gidajen bakin teku da ruwan ba ya sauka ƙasa da digiri 22, ƙananan kifaye masu launi da ake kira gufi da filati suna zama lafiya babu hita. 'Ya'ya suke haifa da rai, kuma cikin 'yan watanni sai su cika akwati. Kifin da masu shago ke kira faita kuwa, wanda ake jerawa a ƙananan kofuna, digiri 24 zuwa 28 yake so, ɗaki mai sanyin mukayyif yana kashe masa jiki. Yankin Larabawa ma yana da nasa ɗan kifin, Aphanius dispar, da ake samu a kwazazzabai da gaɓar Bahar Maliya; yana jure gishiri da zafi, ana kuma amfani da shi wajen cinye tsutsar sauro.

Ruwan famfo a Jidda da Makka galibi ruwan teku ne da aka cire wa gishiri, kuma akwai sinadarin kulorin a ciki, wanda ke ƙona wa kifi matsefin numfashi. Dole a ɗiga masa maganin cire kulorin. Tankin saman rufi kuma yakan gasu da rana har ruwan ya fito da zafin da hannu ba ya so, saboda haka a tara a bokiti ya kwana a ɗakin kafin a zuba. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke narkar da gubar kashin kifi su zauna a matata. A wannan lokacin kaɗan-kaɗan ake ƙara kifi. Bayan haka ana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako.

Asara mai yawa takan faru a lokacin tafiya, idan iyali sun rufe gida da bazara sun kashe mukayyif. Lafiyayyen babban kifi yana iya yin mako guda babu abinci, amma zafin rufaffen gida a watan Agusta yana iya kashe shi kafin haka. Ko dai a bar mukayyif yana aiki a ɗakin da akwatin yake, ko a kai kifayen gidan maƙwabci kafin a tashi.