Waiwaye: Shekaru bakwai da babu sunan kowa a tarihin Tour de France

Duk wanda ya buɗe jerin zakarun gasar tseren keke ta Tour de France zai tarar da giɓi daga 1999 zuwa 2005. Lance Armstrong na Amurka ne ya lashe shekarun nan bakwai a jere, aka ƙwace su a watan Oktoban 2012 bayan rahoton hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta ƙasarsa, USADA. Ba a miƙa kambun ga waɗanda suka zo na biyu ba, domin yawancinsu su ma akwai kashi a gindinsu.

Ba a kansa aka fara ba. A ranar 13 ga Yulin 1967, Tom Simpson na Birtaniya ya yanke jiki ya faɗi yana hawan tsaunin Ventoux cikin tsananin zafi, ya ce ga garinku nan. An samu ƙwayar amfetamin a aljihun rigarsa. Yau akwai dutsen tunawa da shi a gefen hanyar, mahaya keke kan tsaya su ajiye gorar ruwa ko hula. Eddy Merckx, gwarzon tseren keke na Beljiyam, shi ma an taɓa korarsa daga gasar Giro ta Italiya a 1969 bisa zargin shan ƙwaya, amma ya yi ritaya a 1978 da mutuncinsa, ya buɗe kamfanin ƙera kekuna, har aka ba shi sarautar baron a Beljiyam.

A 1998 asiri ya tonu, lokacin da jami'an kwastan na Faransa suka tare motar ƙungiyar Festina maƙare da EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Tauraronsu Richard Virenque ya shekara biyu yana rantsuwa kafin ya amsa laifi a kotu. Faransawa suka ci gaba da yi masa tafi, daga baya ya koma sharhi a talabijin. Marco Pantani kuwa, da aka kore shi daga Giro a 1999, bai sake dawowa daidai ba. An tsinci gawarsa a ɗakin otal a Rimini a 2004, yana da shekara 34, kuma har gobe gwarzo ne a wurin Italiyawa.

To me ya sa Armstrong ne aka ƙi yafe wa? A ganina, cin zalin ne ya kayar da shi fiye da allurar. A gasar 2004, Filippo Simeoni, wanda ya ba da shaida a kan Michele Ferrari, likitan Armstrong da ake zargi da bai wa 'yan tsere ƙwayoyi, ya yi gaba da wasu 'yan tsere. Armstrong, sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa ta jagora, ya bi shi har sai da ya tilasta masa komawa cikin ayari, sannan ya ja yatsa a kan leɓensa, alamar a rufe baki. Ya kuma maka jaridar Sunday Times a kotu, ya ci mutuncin matar da ke yi masa tausa don ta faɗi abin da ta gani. Ko da ya amsa laifi a gaban Oprah Winfrey a Janairun 2013, Nike da sauran masu ɗaukar nauyinsa sun riga sun watse.

Greg LeMond, wanda ya ci gasar sau uku, tun a 2001 ya nuna shakku kan alaƙar Armstrong da Ferrari. An matsa masa ya nemi afuwa, kuma a 2008 kamfanin Trek ya daina ƙera kekunan da ke ɗauke da sunansa. A takardun gasar yanzu, shi kaɗai ne Ba'amurken da ya taɓa lashe ta.