Sarin Siliki na Indiya: Yadda Ake Rina Zarensa Kafin a Saƙa

Da wane irin siliki ake saƙa sari, wato doguwar tufar da matan Indiya ke naɗawa a jiki?

Indiya ce ta biyu a duniya wajen samar da siliki, bayan ƙasar Sin, kuma iri huɗu take da su. Wanda ya fi yawa shi ne na tsutsar da ake ciyarwa da ganyen itacen malberi, kuma jihar Karnataka ce kan gaba wajen samar da shi. Sauran su ne tasar da eri da muga. Muga na jihar Assam ne, kuma da launinsa na zinariya yake fitowa, shi ya sa galibi ba a rina shi.

Ƙyallen ake rinawa ko zaren?

A manyan garuruwan saƙa irin su Kanchipuram da Varanasi da Patan, zaren ake rinawa tun bai hau masaƙa ba, don haka aikin marini ne ke gaba da na masaƙi. Ɗanyen siliki yana zuwa ne da wani danƙo mai suna serisin, wanda ke sa shi tauri ya kuma hana rini shiga daidai. Sai an dafa zaren a ruwan sabulu da soda danƙon ya fita, a nan zaren yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ya yi laushi da sheƙi. Daga nan ake rataya shi a sanduna a tsoma a ruwan rini mai zafi, ana juyawa da hannu ba ƙaƙƙautawa, domin duk inda ya zauna wuri ɗaya launin zai yi dabbare-dabbare.

Da me aka saba yin rinin gargajiya?

Ja yakan fito daga saiwar tsiron manjista ko daga wani ɗan ƙwaro mai suna lak, rawaya daga gangamau ko ɓawon rumman, baƙi kuwa daga tsohon ƙarfe da aka jiƙa da mazarƙwaila har ya ruɓa. Yawancin waɗannan launuka ba sa kama zare da kyau sai an fara jiƙa shi da alif. Shuɗi kam daga baba yake, kuma ba ya buƙatar alif. Kamar yadda ake gani a marinar Ƙofar Mata a Kano, zaren yana fitowa daga ruwan da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi, kuma yawan tsomawa ne ke ƙara masa duhu.

Me ya sa ake girmama patola haka?

Domin a patola, wato wani irin sari na garin Patan da ke jihar Gujarat, tun a jikin zare ake yin zanen. Ana auna zaren tsaye da na kwance, a ɗaure wuraren da ba a so launi ya taɓa da zaren auduga, a rina, a kwance wasu ƙulle-ƙullen a sake ɗaure wasu, a koma rini, daga launi mai haske zuwa mai duhu. Lokacin saƙa dole kowane ɗigo na zaren kwance ya faɗa daidai kan takwaransa na zaren tsaye, sannan siffar giwa ko aku ko fure ta bayyana, kuma masaƙi yakan tsaya yana gyara zaman zaren da allura. Sari ɗaya kan ci watanni, gabansa da bayansa kuma duk ɗaya suke. Iyalan Salvi ne suka shahara da wannan aiki. A ganina babu wani rini da ya kai wannan buƙatar lissafi da haƙuri, domin kuskuren ƙulli ɗaya ba ya bayyana sai aiki ya yi nisa, lokacin da gyara ya riga ya gagara.

Ta yaya gefen sarin Kanchipuram ke bambanta da jikinsa a launi?

Ana rina zaren jiki daban, na gefe daban, sannan a saƙa su da ƙoshiya uku ana harɗe su a mahaɗa. Wannan dabara ita ake kira korvai.

Har yanzu rinin itatuwa ne ake amfani da shi?

Kaɗan ne. Tun da William Perkin ya gano rinin sinadari a Ingila a 1856, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da shuni na masana'anta a 1897, marina suka karkata can saboda araha da sauri da hasken launi. Akasarin sarin hannu na yau da rinin sinadari aka rina zarensa, kuma wannan bai hana shi zama saƙar hannu ba. Abin damuwa shi ne ruwan rinin da ake zubarwa ba a tace ba, wanda ke gurɓata koguna da rijiyoyin mutanen da ke zaune kusa da marina.

Yaya mai saye zai gane na gaske?

Ya duba tambarin Silk Mark, wanda aka ƙaddamar a 2004 don shaidar tsantsar siliki, da na Handloom Mark na 2006 mai shaida saƙar hannu. Babu ɗayansu da ke nuna irin rinin da aka yi amfani da shi, don haka wannan sai an tambayi mai sayarwa kai tsaye.