Ristat bayan afdet da canza direba kwamfuta na aiki

Ristat bayan afdet shi ne saƙon nan da kwamfuta take fitarwa bayan an sabunta manhaja, tana cewa sai an kashe ta an sake kunnawa kafin gyaran ya fara aiki. Dalilin dai shi ne fayil ɗin da ke kan hadis (hard disk, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta) daban, kwafin da aka riga aka loda cikin memori daban, ko an canza na hadis tsohon ne yake ci gaba da gudu.

Windows da Linux

Windows tana kulle fayil ɗin da ake amfani da shi, shi ya sa afdet yake rubuta sunayen fayilolin a rajista, wato kundin saitin Windows, a wurin da ake kira PendingFileRenameOperations, sai kwamfuta ta tashi a musanya su. Linux kuwa tana bari a goge fayil ko yana buɗe, wannan ya sa wasu suke cewa ita ba ta buƙatar ristat, kuma ba haka ba ne gaba ɗaya, don tsohon kwafin yana nan a memori har sai an rufe manhajar.

Tarihi

Microsoft ta fara fitar da gyare-gyarenta a Talata ta biyu ta kowane wata a Oktoba 2003. Amma inda labarin ya fi daɗi shi ne yi wa kanel faci, wato ƙaramin gyara, yana gudu, kanel ɗin shi ne zuciyar tsarin, in ya tsaya komai ya tsaya. Wajen 2008 Jeff Arnold a jami'ar MIT ta Amurka ya fito da Ksplice, dabararsa ita ce a dakatar da injin na ɗan ƙiftawar ido, a tabbatar babu mai amfani da sashen da za a canza, sai a juya hanya zuwa sabon kod. Kamfanin Oracle ya saye shi a 2011. A 2014 kamfanonin Linux biyu suka fito da irinsa, Red Hat ta kawo kpatch, SUSE ta kawo kGraft, aka ɗan yi ja-in-ja kan wanne ya fi, daga baya tushen abin ya shiga Linux 4.0 a Afrilu 2015. Canonical, wani kamfanin Linux ɗin, ta biyo da Livepatch a 2016.

Direba

Direba ita ce manhajar da take haɗa tsarin da wani sashe na na'urar. Tun daga Windows Vista aka fitar da wani ɓangare na direban hoto daga kanel, shi ya sa yanzu sikirin yake yin baƙi na ɗan lokaci ya dawo maimakon a nemi ristat. A Linux ana cire direba da umarnin rmmod a saka da umarnin modprobe, sai dai in ana amfani da shi zai ƙi fita. Direban hadis ɗin da tsarin yake zaune a kai kam sai ristat.

Yanzu

Faci kai tsaye ya fi yawa a manyan sabobi, wato kwamfutocin da suke yi wa wasu kwamfutoci hidima, kuma ƙananan gyaran tsaro yake ɗauka, babban afdet har yanzu sai an kashe an kunna.