Bizar J-1 da Sharaɗin Komawa Gida ga Ƙwararrun Turkiyya

Bizar J-1 ita ce wadda Amurka ke ba baƙin da ke zuwa ƙarƙashin shirye-shiryen musayar ilimi da al'adu: malaman jami'a, masu bincike, likitoci masu neman ƙwarewa, ɗalibai da masu sanin makamar aiki. Tushenta dokar Fulbright-Hays ta 1961. Abin da ya daɗe yana ci wa Turkawa masu wannan biza tuwo a ƙwarya shi ne sashe na 212(e) na dokar shige da fice ta Amurka, wanda ke tilasta wa wasu komawa ƙasarsu su yi shekara biyu bayan sun gama shirinsu. Kafin shekarun su cika, mutum ba zai samu bizar aiki ta H ko L ba, balle takardar zama na dindindin, kuma sharaɗin yana hawa kan mata ko miji da 'ya'yan da suka biyo shi da bizar J-2.

Abubuwa uku ne ke jawo sharaɗin: gwamnatin Amurka ko ta ƙasar mutum ta sa kuɗi a zuwansa, ko ya je horon ƙwarewa a aikin likita, ko fanninsa yana cikin jerin fannonin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce ƙasarsa na matuƙar buƙata.

Sauyin Disamba 2024

Tun 2009 ba a taɓa wannan jeri ba sai ranar 9 ga Disamba 2024, lokacin da ma'aikatar ta fitar da sabo. Ta cire ƙasashe fiye da 30, ciki har da Turkiyya, Sin, Indiya, Brazil, Koriya ta Kudu da Saudiyya. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ya dogara ne kan arzikin ƙasa idan an raba wa kowane ɗan ƙasa, da girmanta, da yawan masu barinta. Turkiyya ta haura ƙa'idar kuɗin, sai ta fita. Nijeriya, Nijar, Gana da Kamaru suna cikin waɗanda aka bari.

Sabon jerin ya shafi har waɗanda suka shiga Amurka tun kafin ranar. Injiniya ko masanin kimiyya Baturke da jami'ar Amurka ke biyan albashinsa, wanda jerin 2009 ne kaɗai ya ɗaure shi, ya wayi gari babu sharaɗi a kansa, ko da an buga shi a kan tsohuwar bizarsa ko takardarsa ta DS-2019, wato takardar shaidar shirin da ya kawo shi. A da, kafin a ɗauke wa irin wannan mutum sharaɗin, sai ya nemi takardar rashin ƙin amincewa daga gwamnatin Turkiyya ta hannun ofishin jakadancinta a Washington, ya cike fom ɗin neman sassauci na DS-3035, ya biya kuɗi, ya yi jiran watanni. Yanzu yana iya sauya matsayinsa zuwa bizar aikin ƙwararru ta H-1B kai tsaye, kuma idan jami'a ce ta ɗauke shi, ba ya shiga cacar guraben 85,000 da ake rabawa duk shekara.

Waɗanda sauyin bai taɓa ba

A nan ne mutane da yawa suka yi murna da wuri. Wasu daga cikin masanan Turkiyya da ke zuwa Amurka da kuɗin gwamnati suke zuwa. Akwai masu tallafin karatu na Fulbright, shirin gwamnatin Amurka, wanda hukumarsa ta haɗin gwiwa ke aiki a Turkiyya tun 1949. Akwai masu tallafin binciken bayan digiri na uku na TÜBİTAK, hukumar kimiyya da fasaha da aka kafa a 1963. Duk wanda irin wannan kuɗi ya kawo shi da bizar J-1, sharaɗin shekara biyu yana nan daram, kuma ɗauke shi ga ɗan Fulbright abu ne mai wuyar gaske. Waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta Turkiyya ta tura ƙarƙashin doka mai lamba 1416 ta 1929 kuwa, idan da bizar J-1 suka zo, igiya biyu ce a wuyansu, domin suna da aikin dole da za su yi wa gwamnatinsu ko su biya abin da aka kashe musu. Wannan bashi ne tsakaninsu da Ankara, babu ruwan Washington a ciki.

Likitocin da ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ke ɗaukar nauyin bizar horonsu su ma suna nan yadda suke, kuma takardar rashin ƙin amincewa ba ta yi musu aiki. Hanyar da suka fi bi ita ce shirin Conrad 30, wanda ya ba kowace jiha damar neman sassauci ga likitoci 30 a shekara, muddin likitan zai yi shekara uku a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci.

Abin da ya biyo baya

A ƙarshen Mayu 2025 Amurka ta dakatar da ba da sababbin ranakun ganawa ga masu neman bizar karatu ta F da M da kuma bizar J, sannan a watan Yuni ta dawo da su da sharaɗin mai nema ya buɗe shafukansa na sada zumunta don a bincika. A Satumba 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin biyan dala 100,000 kan wasu sababbin buƙatun H-1B, wato bizar da yawancin Turkawan da aka sauke wa sharaɗin ke hanƙoron komawa.