Ana kashe cutar kansa da sanyi, amma sai tana ƙarama

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, musamman iyayenmu mata. Da yawa in aka ce kansa wuƙa kawai ke zo musu a rai, shi ya sa ake ɓoye ƙulli har ya fashe. To akwai hanyar da likitoci ke kashe ƙari da sanyi ba tare da an farke mutum ba. Allura ce siririya ake sokawa ta fata har cikin ƙarin ana kallo a na'urar hoton cikin jiki, sikana ko eko, sai a tura iskar argon cikinta, ƙanƙara ta taru a bakinta ta mamaye ƙarin, sanyin ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, ruwan cikin ƙwayoyin cutar ya daskare ya farfasa su, ƴan jijiyoyin da ke kai musu jini su toshe. A bari ya narke a sake, galibi sau 2. Ana yi a ƙoda da hanta da huhu, amma fa ga ƙaramin ƙari, a ƙoda wanda bai wuce santimita 4 ba, kuma sai manyan asibitoci masu kayan aiki. Don Allah kar wata ta ɗora ƙanƙarar firigo a kan ƙullin nono, ba abin da zai yi sai ƙona fata.

Wanda ya fi damuna shi ne na bakin mahaifa, alhali shi ba ya buƙatar sikana. Ungozoma ta shafa ruwan binegar, bayan minti 1 in wuri ya yi fari to yana iya zama alamar ciwon tun bai zama kansa ba, sai a ɗora kan na'ura mai sanyi minti 3, a huta 5, a ƙara 3, ko allurar barci babu, ranar za ki koma gida. Ruwa zai riƙa zubo miki har wajen sati 4, kar ki tsorata, mataccen naman ne ke fita, maigida kuma sai ya yi haƙuri da kwanciya har wurin ya warke. Wasu wuraren zafi suke amfani da shi maimakon sanyi, aikin ɗaya ne.

In kansar ta riga ta bazu sanyi ba ya kamo ta, sai tafiya cibiyar kansa ta Yamai, kusan kilomita 900, ga kuɗin mota ga na zama, wallahi abin da ciwo. Hajiya in kin kai shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da cutar sida, ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki tambayi inda ake awon bakin mahaifa ko da ba abin da ke miki ciwo. Jini bayan kwanciya ko bayan al'ada ta ɗauke kuwa kar a jira da shi ko sati.